Kalma 12 a Minti Ɗaya

Ni mutumin Zariya ne, a Tudun Wada aka haife ni a 1953, sai dai abinci ya kai ni Mancesta ta Ingila tun 1976, kuma har yau a nan nake. Cikin abubuwan da Allah ya haɗa jinina da su akwai rediyon sha'awa. Duk sanda na ambace shi a gida sai a zaci gidan rediyo gare ni ina saka wa Turawa waƙoƙi, don haka bari in fayyace tun yanzu. Mutum ne zai kafa taransimita da eriya a gidansa, a kan wasu mitoci da hukuma ta ware, ya riƙa magana da masu irin sha'awarsa, wani a bayan layinsu, wani a Japan. Ba a talla, ba a saka kiɗa, ba a karɓar ko kwabo. Ba a kuma taɓa na'urar sai da lasin, lasin kuwa sai an ci jarrabawa. Wannan jarrabawa ta sake kama sau da yawa a gaban idona, kuma rayuwata ta sarƙe da ita fiye da yadda na zata.

Babana, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin gidan waya ne a sashen tangarahu. Aikinsa ya zauna gaban wata 'yar na'urar ƙarfe mai ƙwas-ƙwas, ya rubuta saƙon da ke shigowa, ya kuma buga na fita da mabugi. Bugun Mos ke nan, kowane harafi da nasa haɗin gajeren bugu da dogo. A gida bayan sallar isha'i yakan ɗauki cokali ya riƙa ƙwanƙwasa faranti, mu yara muna faɗin harafin. 'Yan'uwana suka gaji suka watse, ni na liƙe. Idan ya ga leɓena na motsi sai ya daka mini tsawa: "Kai, kada ka ƙirga! Saurara kawai." Ya ce wanda ya san kiɗan kalangu ba ya lissafa bugu, ji yake yi ana kiran sunan ubansa. Kafin in gama firamare ina karɓar saƙo a kai ba tare da alƙalami ba, kuma ban ɗauke shi ilimi ba, wasa ne da Baba.

Daga sakandare na tafi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna na karanci aikin sadarwa. A zamaninmu takardar City and Guilds, hukumar jarrabawar sana'o'i ta Landan, ita ce abin tinƙahon duk mai aikin lantarki ko na waya a Arewa. Shi ya sa da na je Mancesta ƙaro karatu na ga sanarwa a allon kwaleji cewa akwai ajin dare na masu neman lasin rediyo, kuma City and Guilds ce ke shirya jarrabawar, sai na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu. Tun 1946 take shirya ta. Na ba da suna, ba don na san abin da zan yi da lasin ba. Gaskiyar magana daren hunturu yana da tsawo, ɗakina yana da sanyi, ajin kuwa da ɗumi.

Malaminmu wani dattijo ne da ya yi aikin rediyo a soja lokacin yaƙin duniya na biyu. Daga Satumba har Mayu muna tare da shi dare ɗaya a mako. Ba ya karanta littafi a aji. Zai shigo da tsohuwar taransimita mai bawul a rungume, ya kwance murfin, ya nuna abu da bakin sukundireba ya ce wa zai faɗa masa aikin wannan.

A watan Mayun 1978 na zauna jarrabawar. Awa 3 ce, da yamma, kuma rubutu ne zalla. Kashi na farko tambayoyi 2 na dole, a kan sharuɗɗan lasin da kuma yadda taransimita ke shiga wa wasu na'urori. Kashi na biyu ka zaɓi 6 daga cikin 8. Za a ce zana da'irar na'ura kaza ka bayyana aikin kowane sashe, ko a ba ka girman koyil da kwandansa a ce fitar da mitar da za su tsaya a kai. Sai ka ci kashi biyun duka. Idan ka haddace doka ba ka san lantarki ba, ka faɗi. Idan kai gwanin lantarki ne ka raina doka, nan ma ka faɗi. Sakamako sai wajen Agusta ya iso ta gidan waya. Wanda bai yi sa'a ba kuwa sai ya jira Disamba, don a Mayu da Disamba ake yin ta.

Akwai dalilin da ya sa aka tsananta. A lokacin mutane da yawa da hannunsu suke haɗa taransimita, ko su sayi kwancen kayan soja su juya su. Na'urar da ba a tace ta da kyau ba tana fitar da ninkin mitarta. Kana watsawa a megahaz 21, ita kuma tana zubar da wani abu a 42, wanda ya faɗa cikin zangon tsohuwar talabijin mai baƙi da fari. Hukuma tana so ta tabbata wanda ta ba izinin cika iska da wat ɗari-ɗari ya san yadda zai hana wannan ɓarna. Ban daɗe da samun lasin ba na ga amfanin tambayar. Maƙwabciyata, wata tsohuwa Baturiya, ta buga mini ƙofa fuska a murtuke, wai duk sanda na shiga ɗakin sama hotonta sai ya riƙa rawa. Ni baƙo ne, baƙar fata, a unguwar da ba kowa ke amsa gaisuwata ba, ƙara ɗaya ta isa ta jawo mini abin da ban shirya ba. Na roƙe ta ta bar ni in duba. Na haɗa 'yar matata da koyil da kwandansa a cikin gwangwanin taba, na sa a wayar eriyarta, na koma sama na buga, ɗanta yana leƙowa ta taga yana ɗaga mini hannu alamar lafiya lau. Har ta rasu ni ke gyara mata duk abin da ke da fulogi.

A wancan zamani cin jarrabawar rubutu lasin mai daraja ta biyu kawai yake ba ka, wanda ake kira B. An ƙirƙiro shi a 1964, kuma a lokacinmu mai riƙe da shi ba ya sauka ƙasa da megahaz 144. Wato za ka yi hira da garuruwan kusa, idan yanayi ya yi kyau ka tsallaka teku kaɗan. Gajeren zango, wanda ke kai murya wata nahiya, na masu lasin A ne, kuma tsakaninka da shi akwai gwajin Mos, kalma 12 a minti ɗaya. Sharaɗin iya Mos ba son ran Ingila ba ne, dokar ƙungiyar sadarwa ta duniya ce. A lokacin jiragen ruwa da tashoshin gwamnati da Mos suke aiki a gajeren zango, ana so idan ka hau kan kiran neman agaji, ko aka ce ka matsa, ka gane abin da ake faɗa.

A nan 'yan ajinmu suka jigata. Suna sayen kaset, suna sauraron darussan Mos na sannu-sannu da ƙungiyar masu rediyo ta Birtaniya, RSGB, ke watsawa, amma yawancinsu da sun kai wajen kalma 8 sai su cije. Ƙirga suke yi, gudu kuwa yana kai wa inda ƙirga ba ta yiwuwa. Ni matsalata ɗaya ce, na saba da ƙwas-ƙwas ɗin Baba, a rediyo kuwa fito ne siriri. Cikin 'yan makonni kunnena ya juya.

Libaful na je gwajin, wurin jami'in gidan waya mai duba rediyon jiragen ruwa. Ƙaramin ɗaki, tebur, mabugin tagulla da ya sha hannu har ya yi sulɓi. Ya bugo kalma 36 cikin minti 3 na rubuta, ya biyo da lambobi biyar-biyar. Kuskure ya haura 4 a kalmomin, an gama da kai. Sannan ya turo mini mabugin da takarda. Ban kai rabi ba ya ɗaga ido ya tambaye ni a wane jirgi na yi aiki. Na ce ban taɓa aiki a jirgi ba, babana ne ya koya mini da cokali. Ya yi dariya har da tari. Bayan wasu makonni ma'aikatar cikin gida ta aiko da lasin, da lambar kira mai farawa da G4.

Na shigo a sa'a. A 1979 da 1980 rana tana kan ganiyar zagayenta na shekara 11, sararin sama yana mayar da gajeren zango ƙasa yadda ya kamata, zangon mita 15 da na mita 10 a buɗe suke kusan kullum. Na miƙe waya mai tsawon mita 10, biyar dama biyar hagu, daga bututun hayaƙi zuwa bishiyar bayan gida, don zangon mita 20. Lambobin Nijeriya da 5N suke farawa, na Nijar 5U, na Gana 9G. Ranar da na fara tsinto 5N cikin hayaniya sai da na ajiye alƙalami na share hannuna a wando kafin in amsa. Wani injiniya ne Bature da ke aiki a Kaduna. Abin da muka faɗa wa juna bai wuce ƙarfin sigina da suna da yanayin gari ba. Ya ce hazo ya rufe su. Na daɗe a zaune bayan mun rabu.

Baba ya ɗauka yanzu zan riƙa aiko da saƙo gida kyauta. Na rubuta masa cewa lasin ya hana isar da saƙon wanda ba mai lasin ba. A matsayinsa na tsohon ma'aikacin gidan waya ya ce daidai ne, in ba haka ba wa zai biya kuɗin waya. Maimakon haka na ɗauki gaisuwa da Mos a kaset na ba wani mai zuwa gida. Amsar da ta dawo a wasiƙa layi biyu ce a kan kaset ɗin: "Na ji saƙonka. Hannunka yana da sauri amma kana cinye tazara tsakanin kalmomi, ka gyara."

Ashe muna cikin na ƙarshe da suka yi jarrabawar rubutu. Daga 1979 aka mayar da ita ta canki-canka, tambaya ɗaya amsa huɗu. A ƙarshen 1981 aka halatta oba-obar jama'a da direbobi ke amfani da ita, dubban mutane suka ɗanɗana magana ta iska, da yawansu suka gangaro wurinmu. Tsofaffin 'yan kulob ɗinmu na masu rediyo suka fara gunaguni, wai an zubar da mutuncin lasin. Wannan gunaguni na ji shi a kowane sauyi tun daga ranar, kuma kullum mai yin sa yana ganin jarrabawar da ta dace ita ce wadda shi ya ci.

Ni ban taɓa shiga sahun masu kare gwajin Mos ba, kuma dalilina mutum ne. Akwai abokina a kulob, mai gyaran talabijin, wanda ya fara aiki yana yaro a masaƙa, ƙarar injuna ta lalata masa kunne ɗaya, ɗayan kuma yana masa ƙugi. A ilimin lantarki ban kai ƙurarsa ba. Da hannunsa ya haɗa na'urar aika hoto ta iska a lokacin da ni ban wuce miƙe waya a bishiya ba. Amma dogon bugu da gajere sukan cakuɗe masa da gudu ya ƙaru. Na zauna da shi dare da yawa a kicin ɗinsa, matarsa tana kawo shayi, ina bugawa yana rubutu, gumi yana tsattsafo masa. Ya je gwaji ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, daga baya ya daina zancen. Fiye da shekara 20 yana riƙe da lasin B. Idan ya zo gidana ya ji ina hira da Brazil sai ya tsaya a bayana hannu a aljihu. Ni na san ban fi shi komai ba, gado na ci. Abin da na samu a kan tabarma ina ɗan shekara 8, shi aka sa ya zama katanga tsakaninsa da duniya.

Sauyin ya zo a hankali. A 1991 aka buɗe lasin 'yan koyo, da kwas na aikin hannu da Mos mai kalma 5 ga mai son gajeren zango. A 1999 jiragen ruwa suka koma tsarin neman agaji ta tauraron ɗan'adam, hujjar asali ta faɗi. A farkon 2002 aka kawo lasin matakin farko mai lambar M3, wat 10, wanda ake iya gamawa a ƙarshen mako ɗaya ko biyu. Sai Yulin 2003, taron sadarwa na duniya a Janiba ya bar wa kowace ƙasa zaɓi a kan Mos, Birtaniya ta soke sharaɗin a cikin watan. Amurka ba ta bi ba sai Fabrairun 2007. A Disambar 2003 City and Guilds ta yi jarrabawarta ta ƙarshe, aikin ya koma hannun masu rediyon da kansu, a matakai uku.

Abokina bai jira ya sayi na'ura ba. Tawa ya aro, muka ɗora a motarsa, muka miƙe waya a kan igiyar shanyar matarsa. Kanada ya fara samu. Yana sakin makirfo ya juyo ya ce mini, "Shi ke nan? Abin da aka hana ni ke nan?" Ya mori gajeren zango 'yan shekaru kafin ya rasu. Mos kuwa bai mutu ba. Har gobe idan ka murɗa ƙasan zangon mita 20 ranar gasa ba za ka sami wurin sa allura ba, kuma masu koyonsa yanzu don suna so ne.

Daga 2002 na shiga koyar da masu neman lasin farko a kulob, kuma a nan na ga abin da nake ganin ya fi kowace takarda amfani. Kafin ɗalibi ya zauna jarrabawa sai ya yi gwajin aiki a gaban ɗayanmu. Ya haɗa rediyo da wuta da eriya, ya daidaita tsawon eriyar har allurar na'urar awo ta sauka, ya yi kira ya yi hira da wani a iska, ya ɗan taɓa Mos da takardar haruffa a gabansa. A mataki na biyu ya riƙe ƙarfen dalma, ya haɗa fulogin wuta, ya gina wata 'yar na'ura. Na ga yaron da ya haddace littafi daga bango zuwa bango ya ɗauki jar waya zai sa a gurbin baƙa, na riƙe hannunsa kafin ya kunna. Na ga ƙaton direban babbar mota ya riƙe makirfo murya ta ƙi fita. Minti 10 da mutum a gefensa suka warware abin da tambaya mai amsa huɗu ba za ta taɓa ganowa ba.

Da annobar korona ta rufe ƙasa a 2020, RSGB ta mayar da jarrabawa ta intanet, mai sa ido yana kallonka ta kyamara, aka jingine gwajin aiki, kuma ba a dawo da shi ba. Mutane sun shigo da yawa, wannan ba na musu. Wanda ke ƙauye nesa da kulob, da mai keken guragu, da matar da ba ta son shiga ɗaki cike da tsofaffin maza, duk hanya ta buɗe musu. Tambayoyin ma ba wasa ba ne, ba a kuma wallafa su kamar yadda ake yi a Amurka, inda duk tambayoyin da amsoshinsu suke a fili mutum ya iya haddacewa. An ƙaro abubuwan da ba mu sani ba a 1978, irin rediyon da manhajar kwamfuta ke sarrafawa, da lissafin tazarar da ta kamata tsakanin eriya da jikin mutane, wanda Ofcom, hukumar kula da sadarwa ta Birtaniya, ta wajabta a 2021. Amma yanzu mutum zai iya samun lasin bai taɓa riƙe makirfo ba, bai taɓa zama da wanda ya riga shi ba. A 2024 kuma aka ɗaga ƙarfin lasin farko zuwa wat 25, na tsakiya 100, cikakke 1000. Mos katanga ce da ta daɗe da rasa dalili. Gwajin aiki kuwa dalilinsa yana nan, wuta ba ta daina ƙona yatsa ba.

Jikata, 'yar babban ɗana, tana da shekara 13 ta ce tana so. A 2021 ta yi, a teburin cin abincinmu. Aka sa ta zagaya da kyamara ta nuna ɗakin, ni aka kore ni falo, kakarta tana mini dariya wai na fi mai jarrabawar zufa. Tambaya 26, ana neman 19. Ba a yi awa ɗaya ba ta fito tana tsalle, sakamakon ya bayyana a allo nan take. Cikin 'yan kwanaki ta shiga shafin Ofcom ta karɓi lamba mai farawa da M7, kyauta, ba kamar fam 15 da muka riƙa biya duk shekara kafin ƙarshen 2006 ba.

Abin da ta fi so shi ne FT8, tsarin da Joe Taylor, masanin da ya ci kyautar Nobel, ya fitar da abokin aikinsa a 2017. Kwamfuta ce ke musayar saƙo da kwamfuta cikin daƙiƙa 15, tana tsinto siginar da kunne ba ya ji. Da wat 10 ta tara ƙasashen da na yi shekaru ina nema. Nakan ce mata, "Amarya, wannan ai ba hira ba ce, na'urori ne ke gaisawa." Ta ce, "Kaka, kishi ne kawai."

Yanzu tana shirin mataki na biyu, tambaya 46. Na gaya mata ko hukuma ta yafe, ni ban yafe ba: ba za ta taɓa babbar na'urata ba sai ta haɗa kan wayar eriya da dalma da hannunta, na ja da ƙarfi bai fita ba, na gwada da na'urar awo ban ga wayar ciki ta taɓa ta waje ba. Na farko da ta yi ta narkar da robar ciki, na yanke na miƙa mata wani. Ta kai ƙarata wurin ubanta, ya ce shi ba ruwansa, haka aka yi masa. Na kuma kai shawara kulob cewa duk sabon mai lasin a unguwarmu a gayyato shi ranar Asabar ya yi tsohon gwajin nan ba tare da maki ba, an amince, an ba ni mabuɗin ɗakin da alhakin sayen dalma.